Kunnen Takwara

A gidansu ba wanda ke ce mata Dakta. Tun shekarar da ta kama aiki a ɗakin bincike na jami'a Inna ta laƙaba mata Uwar Ɓeraye, sunan kuwa ya bi ta. In baƙi suka tambayi Inna aikin da babbar 'yarta take yi, sai ta taɓe baki ta ce, "Kowa na neman yadda zai rabu da ɓera, ita kuwa har abinci take auna masa, ta yi masa shimfiɗa."

Aikin nata a kan kunne ne. Ba wannan na waje ba, ba kuma dodon kunne ba. Can ciki, a tsakiyar ƙashi, akwai wani ɗan bututu a murɗe kamar katantanwa, a nan ne sauti ke zama ji. Shekara da shekaru ta yi tana bin yadda wannan katantanwa ke ginuwa a jikin ɗan tayin ɓera. Da farko ɗan kauri ne kawai a fatar gefen kai. Sai ya lotsa ya zama 'yar jaka, jakar ta yi tsiro, tsiron ya miƙe ya murɗe. Ba wanda ke tsaye yana ba da umarni. Ƙwayoyin halittar wurin su ke aika wa juna saƙo ta sinadarai. Wadda ta riga ta fara fitar da ɗan gashin da ke karɓar sauti sai ta aika wa na kusa da ita cewa su dakata, kada su bi sahunta, su tsaya su tallafe ta. Da haka ake samun masu gashi a jere, kowace da masu riƙe ta a kewaye.

Masu gashin nan in suka mutu a kunnen mutum ko na ɓera, shi ke nan, ba sa dawowa. Abin da ya sa aka yi murna ke nan ranar da ita da abokan aikinta suka ɗiga wani sinadari a kan katantanwar jaririn ɓera da suka ajiye a farantin gilashi. Sinadarin ya toshe saƙon dakatarwar, sai ga wasu masu tallafi sun rikiɗe sun fara fitar da gashi. Wani ɗan jarida ya zo ya ɗauki muryarta. Ta yi masa dogon bayani, da sharaɗi a kan sharaɗi, amma abin da ya fito a rediyo gajere ne: masana sun kusa gano maganin kurumta.

Ƙaninta, wanda kowa ke ce wa Auta har bayan ya yi gemu, tela ne. A shagonsa ya ji labarin. Ya ƙure muryar rediyon, ya fita bakin titi da almakashi a hannu yana kiran mai gyaran takalmi da mai sayar da katifa. "Ku zo ku ji! Yayata ce wannan, uwa ɗaya uba ɗaya!" A lokacin matarsa, malamar firamare, tana da tsohon ciki. Da ta haifi mace bai yi shawara da kowa ba ya sa mata sunan yayarsa. Daga nan yarinya ta zama Takwara a bakin kowa.

Malama, matar Auta, ita ce ta fara lura. Wata rana da hantsi murfin tukunya ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti, ya yi ta katantanwa yana ƙara har kare ya yi haushi a maƙwabta. Takwara na kwance a tabarma kusa da ƙofar kicin, tana kallon yatsunta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Malama ta durƙusa a bayanta ta tafa hannu, ta kira ta, ta sake tafawa. Sai da inuwarta ta faɗa a fuskar yarinyar sannan ta juyo ta yi mata dariya.

A asibiti aka manna wa Takwara wayoyi a kai tana barci, aka saka mata sauti a kunne, daga ƙarami har mai ƙarfi. Likitan kunne ya ce kunnuwan biyu duka ba sa ji. Ya ce za a ɗebi jini a binciki dalili, za a gwada mata na'urar ji, nan gaba kuma a duba ko tiyata za ta yi mata amfani. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne kada a jira. A fara yi mata magana da hannu tun yanzu, akwai ajin da ake koya wa iyaye, domin ƙwaƙwalwar yaro ba ta jiran kowa.

Ranar hutu aka haɗu a gidan Inna. Auta bai taɓa shayin da aka zuba masa ba. Ya jira har Malama ta shiga ɗaki canza wa yarinya tsumma, sannan ya matso kusa da yayarsa, ya rage murya.

"Yaya, maganin nan naku. Ina aka kwana?"

Ta dube shi. Idanunsa sun faɗa, akwai zare a maƙale a gemunsa bai ma sani ba. Ita ta goye shi lokacin da Inna ke fita aiki, ita ta raka shi makaranta ranar farko yana kuka. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Muna kan aiki, Auta. Ana samun ci gaba."

Ba ƙarya ta yi ba, amma ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, ta kuma san abin da ya ji. Ta ce a ranta za ta yi masa cikakken bayani in hankalinsa ya kwanta. Sai aiki ya sha kanta, don a lokacin suka fara gwada sinadarin a kan manyan ɓeraye, ita ma kuma ba ta ƙi jinkirin ba.

Auta ya koma gida ya kafa doka. Ba za a kai 'yarsa ajin kurame ba. In ta saba da hannu, in ji shi, ranar da kunnen ya buɗe bakin ba zai buɗe ba. Na'urar jin ma da aka gwada, da ya ga yarinya na fizge ta tana kuka, sai ya jefa ta cikin durowar keken ɗinki. Inna kuwa ta sami wanda za ta ɗora wa laifi. Ba ta taɓa faɗa wa surukarta a fuska ba, sai dai ta faɗa wa bango. Mace da ciki ta wuni cikin ihun yara da ƙararrawar makaranta, me ake jira? Ga maganin zazzaɓin da ta sha a watannin farko, wa ya san abin da ke cikinsa? Malama na jin duk wannan. Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa.

Takwara ta fara zama, ta fara rarrafe. Gwalantun da take yi da baki a da ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke.

Wata safiya Dakta na zaune a gaban madubin bincike, hantsaki a hannu biyu, tana ɓare ƙashin kunnen jaririn ɓera, sai mai gadi ya leƙo ya ce tana da baƙuwa. Malama ce, da Takwara a goye. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kwalabe da akwatunan ɗumi masu ƙugi, kamar mai tsoron ta numfasa ta ɓata wani abu.

"Yaya, ki yi haƙuri na zo ba sanarwa. Daga asibiti nake."

Dakta ta cire safar hannu, ta ja mata kujera, ta karɓi yarinyar.

"Likita ya ce sakamakon jini ya nuna gado ne," in ji Malama. "Wai daga wajena da wajensa duka, sai an haɗu ake samu. Ya yi maganar wasu ƙofofi tsakanin ƙwayoyi, ban gane ba. Na kira baban Takwara na faɗa masa, ya ce duk ɗaya ne, maganin Yaya na zuwa." Ta dubi Dakta. "Ni ba faɗa na zo yi ba. Yara nake koyarwa, na san yadda yaron da aka makara da shi yake zama a aji. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, yaushe maganin zai fito? In kusa ne, zan jira. In ba kusa ba ne, ina so in sani."

Dakta ta dubi yarinyar da ke cinyarta. Takwara ta kama igiyar katin aikinta tana ja, tana ƙoƙarin kai shi baki.

"Zo ki gani," in ji Dakta.

Ta ɗora wani gilashi a ƙarƙashin madubin, ta nuna mata yadda za ta sa ido. Malama ta sunkuya. A cikin duhu sai ga wasu ɗigo-ɗigo kore a jere, layi ɗaya a gefe, layi uku a ɗaya gefen, sun lanƙwasa kamar an ja su da zare.

"Masu gashin ke nan. Lafiyayyen kunne haka yake." Ta canza gilashin. "Wannan kuma wanda muka ɗiga wa sinadarin ne."

"Sun fi yawa," in ji Malama. "Amma a cakuɗe suke."

"A cakuɗe suke. Sun fito, amma ba mu san ko suna aiki yadda ya kamata ba. Kuma a kunnen jaririn ɓera kaɗai muke samun haka, cikin 'yan kwanakin farko. Da ya ɗan girma, ƙwayoyin sai su daina amsa mana. Manyan da muke gwadawa yanzu, har yau ba mu ga abin kirki ba." Ta gyara wa Takwara zama a cinyarta. "Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi nauyi. Ko da a ce gobe ya yi aiki, ba ciwon Takwara yake magani ba. Masu tallafin nan da kike gani baƙi-baƙi a tsakani, akwai 'yan ƙananan ƙofofi a jikinsu, ta nan suke miƙa wa juna gishiri da abinci da saƙo tun kunne na ginuwa. Ita nata ƙofofin ne ba su ginu daidai ba. Tun tana ciki abin ya faru, kafin ke kanki ki san kamanninta. Akwai masu bincike a kan wannan a wasu wurare, amma ba zan ce miki ga shekara ba. Wataƙila sai ta girma. Wataƙila sai 'ya'yanta."

Malama ba ta ɗago daga madubin ba.

"Ƙararrawar makaranta fa?" ta tambaya a hankali. "Da maganin zazzaɓin?"

"Ba ruwansu. Ko a cikin auduga kika yi renon cikin nan, haka za ta zo. Ke kina ɗauke da rabi, shi yana ɗauke da rabi, ba wanda ya sani. Ni ma da ke zaune nan wataƙila ina ɗauke da shi."

Sai a lokacin Malama ta ɗago. Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙa hannu ta karɓi 'yarta. "Na gode, Yaya. Amma ni ba zai ji daga bakina ba."

"Na sani. Ni na ƙulla, ni zan kwance."

Da la'asar ta je shagon. Auta na tsaye a gaban tebur ya shimfiɗa yadi, tef a wuya, alli a bayan kunne. Ya yi murna da ganinta, ya kakkaɓe mata benci, ya ce a kawo lemo. Ta ce ya bari. Ta faɗa masa duk abin da ta faɗa wa matarsa, ba ta rage komai ba, ba ta kuma sassauta ba. Tun tana tsakiyar magana ya ɗauki almakashi ya ci gaba da yanka, yana bin layin alli kamar ba da shi ake ba.

"Amma ke kika ce ana samun ci gaba," ya ce, bai dube ta ba.

"Na faɗa. Ya kamata in ƙara da sauran, ban ƙara ba."

"A rediyo fa? Duk layin nan sun ji. Ni na tara su."

"Sun yanke maganar, Auta."

Ya ajiye almakashin da ƙarfi har allurai suka yi tsalle a cikin gwangwani. "To me kike yi a wurin nan duk shekarun nan? Kin ƙi aure, kin ƙi hutu, Baba ya rasu kina can wajen taro a kan kunnen ɓera. Yau ga kunnen jininki, mai sunanki, kin ce ba ki da abin yi?"

Maganar ta soke ta, amma ba ta kauce ba. "Ba ni da magani. Abin da nake da shi shi ne in gaya maka kada ka ƙara jira. Yarinyar nan tana da abin faɗa, ba ta da hanyar faɗa. Kullum ka hana ta hannu, ba kunne kake ba ta ba, shiru kake ƙara mata."

"Ki tafi, Yaya," ya ce. "Don girman Allah ki tafi, kada in faɗi abin da zan yi nadama."

Ta tashi ta tafi. A bayanta ta ji keken ɗinki ya tashi da gudu.

Ta sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani da sauƙaƙan kalmomi: abin gado ne, ta ɓangaren uwa da ta ɓangaren uba, wato rabin da Auta ya bayar ko daga Inna ya samo shi ko daga marigayi Baba. Ta shirya wa faɗa. Inna kuwa sai hannunta ya tsaya cak a cikin faranti.

Ta ƙura wa shinkafar ido. Can ta ce, "Gwaggona, ƙanwar babanmu. Ba ku san ta ba, ta rasu kafin in yi aure. Ba ta ji, ba ta magana. Ita ta yi renona." Ta ajiye farantin a ƙasa. "Na yi zaton ciwo ta yi tana ƙarama. Haka aka ce mana."

"Yaya kuke magana da ita?"

Inna ta dubi hannuwanta kamar na wani. A hankali ta ɗaga na dama, ta dunƙule yatsu ta kai baki sau biyu. "Abinci." Ta shafa kumatu da bayan hannu ta karkatar da kai. "Barci." Ta buga ƙirji da yatsa biyu, sannan ta nuna ƙasa, daidai tsayin ƙaramin yaro. "Wannan ni ce. Haka take kirana." Ta sauke hannun. "Mace ce mai ban dariya, wallahi. In ta kwaikwayi tafiyar kakanmu sai kowa ya faɗi. Na fi shekara hamsin ban tuna da wannan ba."

Washegari Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan ɗanta, ba ta jira an zo ɗaukarta ba. Ba ta ce wa Malama ta yafe mata ba, Inna ba ta iya irin wannan maganar ba. Ta dai karɓe wankin da ke hannunta, ta ce ta je ta kwanta ta huta, fuskarta duk ta zabge. Da Auta ya dawo ya tarar da uwarsa zaune a tabarma, jikarta a gabanta, tana kai yatsu baki tana nuna mata kwano. Ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta ce, "In kana da doka ka kafa wa matarka, ni ba ka haife ni ba." Ya shige ɗaki.

Ajin a wani ɗaki ne a bayan asibiti, da kujerun roba da tabarma a tsakiya don yara. Malamin kurma ne, dogo mai furfura, yana da 'yar da ke fassara wa sababbin zuwa. Da farko su uku ke zuwa duk ranar hutu, Malama da Inna da Dakta. Alamun Inna na gida ne, da yawa ba su dace da na ajin ba, ita da malamin suka yi ta gardama da hannu suna dariya. Malama ta kama da sauri. Dakta ce ta zama ta baya. Yatsun da ke iya ɓare ƙashin da bai kai ƙwayar gero ba sai suka sandare mata, ta ce uwa a inda ake nufin ƙofa.

A ɗakin bincike gwajin manyan ɓerayen ya ƙare ba tare da wani abin a zo a gani ba. Suka rubuta abin da suka samu yadda yake, suka koma kan tambayar da ta rage: me ke sa ƙwayoyin su daina amsa saƙo in sun girma? Ɗan jaridar ya sake kira, ta ce ba ta da labari.

Auta bai kira ta ba, in ta kira ba ya ɗagawa. In suka haɗu a gidan Inna sai ya gaishe ta a taƙaice ya fita. An daɗe a haka. Sai wata ranar aji suka tarar da shi a tsaye a jikin taga daga waje, wai ya kawo wa Malama lema ne don hadari ya haɗo. Mako na gaba ya shigo ya zauna a kujerar ƙarshe, hannuwa a harɗe a ƙirji. Malamin bai matsa masa ba. Sai da aka zo kan haruffa ya taka har gabansa, ya kama hannunsa ya jujjuya, ya ga kantar almakashi a babban yatsa, ya yi wata alama. 'Yar malamin ta ce, "Wai hannun mai sana'a ne, ba zai ba shi wahala ba." Haka kuwa aka yi. Kafin a jima ya wuce kowa, har Malama. A gida, in ji ta, in yana ɗinki yakan tsaya ya gwada wata kalma shi kaɗai. Ya fito da na'urar daga durowa, ya kuma yarda a je a ji bayanin tiyatar, ko da yake likitoci ba su yanke hukunci ba tukuna. Amma tsakaninsa da yayarsa har yanzu gaisuwa ce kawai.

Wata rana ana tsakiyar darasi, Takwara, wadda ta fara takawa tana dafa kujeru, ta zo ta dafa gwiwar Dakta. Ta bubbuga ta har ta dubo ta. Sannan ta ɗaga ɗan hannunta ta yi wani motsi kusa da haɓa, ta tsaya tana jira. Dakta ta yi mata murmushi. Yarinyar ta ɓata fuska ta sake yi, da ƙarfi. Dakta ta duba hagu, Malama ta fita, Inna na can tana musu da malami. Ta gwada alamar abinci, Takwara ta ture hannunta. Ta gwada ta barci, yarinya ta fara taɓe baki za ta yi kuka.

Daga kujerar baya Auta ya yi gyaran murya.

"Ruwa take so, Yaya," ya ce. "Ba ta iya buɗe yatsun duka ba tukuna, shi ya sa ba ki gane ba. Gorar na cikin jakar uwarta, aljihun gefe."

Dakta ta tashi ta ɗauko gorar, ta durƙusa ta riƙe mata tana sha. Da ta ƙoshi ta ture gorar, ruwa na bin haɓarta, ta juya ta nufi wajen ubanta tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya janye jakar da ke kan kujerar kusa da shi, ya ajiye ta a ƙasa.

"Ki dawo nan," ya ce. "Daga can ba kya ganin hannun malam sosai."